Arthur C. Clarke: Tarihinsa, Aikinsa, da Inda Ya Shafi Ƙasar Hausa

Ran 23 ga Agusta 1963 Firayim Ministan Nijeriya, Alhaji Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya ɗauki kan waya a Ikko ya yi magana da Shugaban Amurka John Kennedy. Maganar ba ta daɗe ba. Sun gaisa, sun taɓa batun zaman lafiyar duniya, har sun ambaci Dick Tiger, ɗan damben Nijeriya wanda ya yi nasara a Ibadan cikin watan nan. Abin da ya shigar da wannan gaisuwa cikin tarihi shi ne hanyar da muryoyinsu suka bi. Wani jirgin ruwan Amurka mai suna Kingsport, wanda ke tsaye a tashar Ikko, shi ya riƙa cilla muryar Firayim Minista sama, nisan kilomita wajen 36,000, zuwa ga wani tauraron ɗan'adam da a ke kira Syncom 2, shi kuma ya sauko da ita Amurka. Ba a taɓa yin shugabannin ƙasashe biyu da suka yi magana ta irin wannan hanya ba sai ran nan.

Shekara 18 kafin wannan rana wani saurayi Bature, hafsan sojan sama na Ingila, ya riga ya bayyana a rubuce yadda za a yi haka, da tsawon da za a kai na'urar, da dalilin da zai sa ta tsaya. Sunansa Arthur C. Clarke, amma duniya ta fi saninsa da ƙaga labaru. Manufar wannan takarda ita ce ta ba da tarihinsa a taƙaice, ta nuna inda aikinsa ya gamu da ƙasar Hausa, kāna ta duba abin da masu nazarin adabin Hausa da malaman kwalejojin horon malamai za su iya amfana da shi daga irin labaran da ya rubuta.

Asalinsa da tasowarsa

An haifi Clarke ran 16 ga Disamba 1917 a Minehead, wani ƙaramin gari na bakin teku cikin lardin Somerset, kudu maso yammacin Ingila. Iyayensa duka biyu sun taɓa aikin gidan waya, amma bayan Yaƙin Duniya na Farko suka koma ƙauye suka kama noma. Uban ya rasu cikin 1931, yaron yana da shekara 13, ya bar uwar da gona da 'ya'ya huɗu, Arthur ne babbansu.

Ya yi karatu a wata makaranta ta garin Taunton. Tun yana can abu biyu suka kama zuciyarsa. Na ɗaya kallon sama: ya kan tara tabarau da kwali ya harhaɗa madubin hangen nesa da hannunsa, ya zauna da dare yana zana taswirar wata. Na biyu kuwa waɗansu mujallu ne na Amurka masu arha, cike da labaran tafiya duniyoyi, waɗanda a ke sayarwa taro taro a kanti. Yawancin labaran da ke cikinsu ba su da wani inganci, amma sun sa masa tambayar da bai rabu da ita ba har ya mutu, watau ko abin nan da a ke faɗi zai yiwu, in kuwa zai yiwu, ta yaya.

Cikin 1933 aka kafa wata ƙungiya a Liverpool ta masu neman hanyar zuwa sararin sama, Clarke ya shige ta yana ɗan makaranta. A lokacin mutane sun ɗauki 'yan ƙungiyar nan masu taɓin hankali, gama ba a ko yi jirgin sama mai saurin amo ba tukuna, su kuwa suna zaune suna lissafin man da zai kai mutum wata. Da ya gama makaranta babu kuɗin shiga jami'a, sai ya ci jarrabawar aikin Gwamnati cikin 1936, ya tafi Landan ya zama mai binciken lissafin kuɗi. Da rana yana duba littattafan ofis, da dare yana taron ƙungiya.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya masa hanya. Daga 1941 zuwa 1946 yana cikin sojan sama, aka sa shi aikin rada, na'urar nan da ke hango jirgi cikin duhu ko hazo ta hanyar aika igiyar rediyo ta bugi jirgin ta komo. Ya yi aiki musamman da wata sabuwar rada wadda da ita mutumin ƙasa ke yi wa matuƙi jagora da murya har ya sauka lafiya, ko da ba ya ganin fili. Bayan yaƙi ya shiga King's College ta Landan, ya fita cikin 1948 da digiri mai daraja ta ɗaya a lissafi da kimiyyar fizik.

Takardar 1945

Cikin watan Oktoba 1945 wata mujallar ma'aikatan rediyo mai suna Wireless World ta buga takardar Clarke, shafi huɗu kacal. Matsalar da ta tasam ma warwarewa ita ce wannan. Igiyoyin da ke ɗaukar hoton talabijin miƙe su ke tafiya kamar gani, duniya kuwa ƙwallo ce, saboda haka in sun yi 'yar tafiya sai doron ƙasa ya tare su. Maganin abin shi ne a hau sama. Wanda ya hau Dutsen Kwatarkwashi ya fi wanda ke gindinsa hangen nesa, wanda ke cikin jirgin sama kuma ya fi su duka. To, ina ne iyakar tsawon da za a kafa hasumiya, kuma me zai riƙe ta?

Amsar Clarke ta fito daga lissafin da kowane ɗalibin kimiyya ya sani. Dutsen da ke cikin majajjawa ba ya faɗuwa muddin ana juya shi, ba ya kuma tserewa muddin igiya na riƙe da shi. Haka abin da ke kewaya duniya ya ke: gudunsa na hana shi faɗowa, jan da ƙasa ke yi masa na hana shi tserewa. In yana kusa, a tsawon 'yan ɗaruruwan kilomita, sai ya gama kewaye ɗaya cikin sa'a ɗaya da rabi. Wata kuwa, da ya ke yana nesa da kilomita wajen 384,000, sai ya yi kwana 27 da 'yan sa'o'i. Ashe ke nan tsakanin waɗannan biyu akwai wani tsawo inda kewaye ɗaya zai ɗauki kwana ɗaya daidai. Wannan tsawo shi ne kilomita wajen 36,000, watau mil 22,300. In aka sa na'ura a can, daidai saman layin da ya raba duniya biyu, tana tafiya gabas yadda duniya ke juyawa, to, mutumin da ke ƙasa zai gan ta tsaye wuri ɗaya dare da rana, alhali kuwa gudu ta ke yi na kilomita uku kowace daƙiƙa. Clarke ya nuna cewa guda uku irin wannan, in an raba su daidai, sun isa su haɗa kusan dukan inda mutane ke zaune a duniya.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ba shi ne farkon wanda ya lura da wannan da'ira ba. Tsiolkovsky na Rasha ya yi tunani a kanta, wani injiniya kuma mai suna Herman Potočnik ya rubuta batunta tun kafin 1930. Abin da Clarke ya ƙara shi ne haɗa abu uku da ke warwatse: da'irar, da ilmin rediyo da ya samu wajen aikin soja, da rokar nan V-2 wadda Jamus ta riƙa jefa wa Landan tun 1944. Mutane na duban rokar a kan makamin hallaka, shi kuwa ya hango abin hawa a cikinta. Ladan da aka ba shi na takardar fam 15 ne. Bai yi rajistar dabarar da sunansa ba, daga baya ya riƙa yi wa kansa ba'a a kan dukiyar da ta wuce shi. Amma har yanzu da yawa na kiran wannan da'ira da sunansa.

Littattafansa

Clarke ya fara sayar da gajerun labaru ga mujallu cikin 1946, tun daga 1951 kuwa ya dogara ga alƙalami kaɗai. A shekaran nan ya fitar da The Exploration of Space, littafin bayani ga wanda ba masani ba, ya kuwa karɓu ƙwarai. Haka ya riƙa yi duk rayuwarsa, hannu ɗaya na rubuta bayani, ɗaya na ƙaga labari, kowane na ciyar da ɗan'uwansa.

Daga cikin ƙagaggun, huɗu sun fi shahara. Childhood's End, watau ƙarshen ƙuruciya, na 1953, labarin waɗansu baƙi ne daga sama da suka zo suka hana 'yan Adam yaƙi da zalunci, amma suka ƙi nuna fuskarsu sai bayan shekara 50. Daga ƙarshe aka gane su ma 'yan aike ne, an turo su su yi renon wani zamani da ba su da rabo a cikinsa. 2001: A Space Odyssey ya fito cikin 1968, littafi da fim tare, gama Clarke da mai shirya fim Stanley Kubrick suka yi shekara huɗu suna aikinsa. A cikinsa ne a ke da kwamfutar nan HAL, wadda aka ba umarni biyu masu karo da juna, aka ce ta faɗi gaskiya, aka kuma ce ta ɓoye wa matafiya asirin tafiyarsu, har abin ya kai ta ga kisa. Rendezvous with Rama na 1973 labarin wani ƙaton jirgi ne da ya ratso ta kusa da rana, mutane suka shiga suka auna shi, suka yi mamaki, ya wuce abinsa bai ko kula da su ba. The Fountains of Paradise na 1979 kuwa ya komo ga da'irar 1945: wani injiniya ne ya ƙudura zai sako igiya daga can har ƙasa, a riƙa hawa sama ba da roka ba.

Masu nazari sun daɗe suna kushe shi da cewa mutanen cikin labaransa ba su da jini a jika, ba a cika ganin soyayya ko kishi ko rikicin gida ba. Akwai gaskiya cikin wannan. Ƙarfinsa a wani wuri ya ke, wajen sa mai karatu ya ji girman halitta da ƙanƙantar ɗan Adam, da harshe mai sauƙi wanda ba ya ɓoye komi. Ya kuma ɗora wa kansa wani sharaɗi: in ya ce jirgi ya tashi daga nan ya isa can cikin wata kaza, to, mai karatu na iya ɗaukar alƙalami ya bi lissafin. Cikin 1961 hukumar UNESCO ta ba shi kyautar Kalinga saboda yaɗa ilmin kimiyya ga jama'a.

Kano da Ikko

Mutane da yawa sun manta cewa ƙasar Hausa na cikin wuraren da aikin sararin sama ya fara sauka a Afirka. Sa'ad da Amurka ta tashi aika mutum ya kewaya duniya, sai ta bukaci tashoshi a jere bisa hanyar da kumbon zai bi, don kada ya yi nisa ba mai jinsa. Ɗaya daga cikin tashoshin nan a Kano aka gina ta. Ran 20 ga Fabrairu 1962, da John Glenn ya kewaya duniya sau uku, ya yi magana da ma'aikatan tashar Kano sa'ad da ya ke ratsa samaniyar Afirka ta Yamma. Dalilin da ya sa aka bukaci tashoshi barkatai kuwa shi ne ainihin matsalar da Clarke ya ambata: kumbon na ƙasa ƙasa, kowace tasha 'yan mintoci ta ke ganinsa ya ɓace.

Syncom 2, wanda aka harba ran 26 ga Yuli 1963, shi ne na farko da ya kai tsawon da Clarke ya faɗa ya kuma yi aiki. Girmansa bai fi na tambari ba. Da ya ke da'irarsa ta ɗan karkace, bai tsaya cik ba, ya riƙa lilo kudu da arewa. Syncom 3 na 1964 shi ya tsaya sosai, ta kansa ne kuma aka nuna wa Amurka wasannin Olimfik na Tokyo. Wanda ya taɓa magana ta irin wannan hanya ya san ɗan jinkirin da a kan ji kafin amsa ta zo. Dalilinsa shi ne tafiyar kilomita 72,000, hawa da sauka, wadda ko haske sai ya yi rubu'in daƙiƙa kafin ya gama ta.

Daga nan abin ya yi ta yaɗuwa. Nijeriya ta buɗe tasharta ta farko a Lanlate cikin 1971, daga baya aka yi wata a Kujama kusa da Kaduna. Cikin Mayu 2007 aka harba mata tauraron sadarwa nata na kanta daga ƙasar Sin, ya lalace cikin 2008, aka maye gurbinsa cikin Disamba 2011. Mai tafiya daga Ƙaura Namoda zuwa Shinkafi, ko daga Zurmi zuwa Dauran, in ya dubi farantan setilayit da ke bisa rufin gidaje da ɗakunan kallon ƙwallo, zai ga duk sun karkata wajen kudu, waɗansu sun ɗan juya gabas, waɗansu yamma, kuma ba mai motsa su. Suna kallon kudu ne domin garuruwan nan na arewa da tsakiyar duniya da daraja 12 zuwa 13. Rashin motsinsu kuwa shi ne shaidar lissafin 1945.

Labarin kimiyya da Hausa

Shekarar da aka kafa ƙungiyar su Clarke, watau 1933, ita ce shekarar da Dokta Rupert East na Ofishin Fassara ya sa gasar da ta haifi ƙagaggun labaran Hausa na boko. Daga cikinta aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, shi dai wanda ya ɗauki kan waya cikin 1963. Bayansu aka sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Ban da Shaihu Umar, duk waɗannan cike su ke da abin al'ajabi, amma al'ajabinsu daga aljannu da tsafi da baiwa ya ke fitowa. Mai karatu ba ya tambayar yadda aljani ya ɗauki mutum ya kai shi wata ƙasa cikin ƙiftawar ido, gama ya san dokar tatsuniya ke nan.

Labarin kimiyya wata doka gare shi dabam. Shi ma ƙarya ce aka shirya, amma an yi wa mai karatu alkawarin ba za a saɓa wa abin da aka sani na halitta ba, sai dai a ƙara taki ɗaya gaba da shi, a ga abin da zai biyo baya. Clarke da kansa ya lura, cikin littafinsa Profiles of the Future, cewa fasaha in ta yi nisa ƙwarai, wanda bai san sirrinta ba ba ya iya rarrabe ta da sihiri. Wannan magana ta shafi malamin makaranta kai tsaye. Yaron da ya ga hoto na saukowa daga faranti, in ba a nuna masa dalili ba, zai ajiye abin a zuciyarsa wuri ɗaya da zoben aljani, ya ɗauka aikin waɗansu mutane ne da shi ba zai taɓa zama irinsu ba.

Ba a rasa masu ƙoƙari ba. East da Imam sun rubuta Ikon Allah don bayyana halittu da Hausa. Cikin 1969 kuma, shekarar da mutum ya fara taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, labarin wani yaro Kilba wanda wani baƙo daga sama, Kolin Koliyo, ya ɗauka cikin jirginsa ya zaga da shi. Shi a kan ambata in ana neman farkon labarin kimiyya da Hausa. Littafin ya tsaya ne tsakanin gida biyu, ƙafa ɗaya cikin tatsuniya, ɗaya cikin ɗakin karatu, ya kuma nuna cewa harshen na iya ɗaukar kayan. Amma hanyar da ya share ba ta sami mabiya da yawa ba. Ko da rubutun Hausa ya bunƙasa a Kano daga wajen 1984, soyayya da zaman aure suka fi rinjaye.

Ba kuwa za a ce ƙasar ba ta da tushen da za a ɗora irin wannan gini ba. Manoma sun daɗe suna duban Kaza da 'Ya'yanta don sanin lokaci, kowa ya san Zara da Gamzaki, malamai kuma na lissafin damina da manzilolin wata 28. Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira cikin 1741, ya bar littafi a kan hatimai na lissafi wanda masana tarihin lissafi ke ambata har yau.

Inda hasashensa ya kuskure

Ba duk abin da Clarke ya hanga ya zo daidai ba, kurakuransa ma abin nazari ne. Cikin 1945 ya zaci sai an yi kamar shekara 50 kafin a kai ga tauraron sadarwa, ga shi kuwa 18 aka yi. Ya kuma zaci tilas a zaunar da ma'aikata a can sama, domin rediyon zamanin da kwalabe ya ke aiki, su kuwa kullum ƙonewa su ke yi, sai an sauya. Ƙirƙiro taransista cikin 1947 ya kawar da wannan bukata. A wani gefen kuma ya yi gaggawa: shekarar 2001 ta zo ta wuce babu gari a wata, babu ma wanda ya sake taka shi tun bayan Disamba 1972.

Kuskuren da ya fi nauyi na wajen halin ɗan Adam ne. Clarke ya sa rai cewa in mutane suka sami hanyar jin juna, jahilci da gaba za su ragu. Yana da hujja: cikin 1975 da 1976 Indiya ta yi amfani da tauraro ta kai darussan noma da kiwon lafiya ƙauyuka wajen 2,400, abin ya faranta masa rai ƙwarai. Amma tarihin arewacin Zamfara ya nuna ɗaya fuskar. Jirgin ƙasa ya isa Ƙaura Namoda cikin 1929, ya haɗa ta da Zariya da bakin teku, wayar hannu kuma ta game ƙauyuka bayan 2001. Wayar nan da ɗan kasuwar Shinkafi ke jin farashi da ita, da ita ɗan bindiga ke neman kuɗin fansa. Har ta kai cikin Satumba 2021 hukuma ta sa aka rufe layukan wayar hannu a Jihar Zamfara duka saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka yi makonni, a waɗansu wurare watanni, mutum ba ya jin ɗan'uwansa sai ya yi tafiya zuwa wata jiha. Na'ura ta yi abin da aka ƙera ta dominsa, amma ba ta zaɓar mai riƙe ta. Abin lura shi ne, labaran Clarke sun fi jawabansa sanin haka, gama wanda ya ƙaga HAL ya san kayan aiki na iya juyowa kan mai shi in an ɗora shi bisa rashin gaskiya.

Ƙarshen rayuwarsa

Cikin 1956 Clarke ya ƙaura zuwa tsibirin Silon, wanda yanzu a ke kira Siri Lanka, saboda son nutso cikin teku, inda ya ce jiki kan ji kamar ba shi da nauyi. Shan inna ya kama shi cikin 1962, ciwon ya komo masa da tsufa har ya zaunar da shi a keken guragu. Cikin Yuli 1969 yana cikin masu yi wa jama'ar Amurka bayani ta talabijin sa'ad da Apollo 11 ya sauka a wata. Ya riƙe sarautar Uban Jami'ar Moratuwa daga 1979 zuwa 2002, aka kuma ba shi lambar Sir cikin 2000. Ya rasu a Kolombo ran 19 ga Maris 2008, yana da shekara 90. Bai bi wani addini ba, ya ma bar wasiyya kada a yi hidimar addini wajen binne shi. Duk da haka tambayoyin asalin halitta da ƙarshenta sun cika labaransa, saboda haka wanda zai zaɓi wani abu nasa don ɗalibai sai ya karanta da idon basira tukuna.

Abin da ya rage ga sassan Hausa da kwalejojin horon malamai aiki ne mai iyaka, wanda a ke iya farawa da abin da ke hannu. Tauraruwa Mai Wutsiya ya cancanci a sake nazarinsa a gefen Ruwan Bagaja, a nuna wa ɗalibai inda al'ajabin kowanne ya fito. Kalmomin fannin na bukatar a daidaita su, domin har yanzu wani ya ce falaki, wani ya ce da'ira, wani ya ce kewaye, abu ɗaya kuwa a ke nufi. Gajerun labaran Clarke, waɗanda da yawansu ba su wuce shafi goma ba, sun dace da gwajin fassara a aji, gama a nan ne ɗalibi zai gane inda Hausa ke da kalma da inda sai an ƙera. Sa'an nan malamin da ke koyarwa a Zurmi ko Dauran na iya fita da yara bakin makaranta, ya nuna musu faranti bisa rufi, ya tambaye su don me ya ke kallon kudu, kuma don me ba ya motsi. Majajjawa ɗaya da allo sun isa a ba da amsar.